Shin Ko Kun San? Gadon Bayan Doki, Zaman Mahayi da Wasannin da Ake Koya Masa

Shin ko kun san cewa babu ƙashi ko ɗaya da ya haɗa ƙafafun doki na gaba da gangar jikinsa? Mu mutane muna da ƙashin nan da ya taso daga ƙasan maƙogwaro ya riƙe kafaɗa, shi kuwa doki Allah bai yi shi da shi ba. Ƙirjinsa a rataye yake tsakanin allunan kafaɗunsa, tsoka da jijiya kaɗai ke riƙe da shi. Kuma idan yana tsaye, wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba yake sauka. Dab da wannan wuri ake ɗora sirdi.

Ƙashin bayansa gaɓa-gaɓa ne: 7 a wuya, 18 a sashen haƙarƙari, 6 a ƙugu, 5 da suka manne da juna a kuturi, sai na wutsiya. Dawakan Larabawa sau da yawa sukan zo da 5 a ƙugu, jaki ma 5 gare shi. A duk tsawon nan, wurin da zai iya ɗaukar mutum shi ne inda haƙarƙari ke tallafe da shi. Sirdin da ya wuce haƙarƙari na ƙarshe ya hau ƙugu, inda babu abin da ke tokare ƙashin daga gefe. Mai goyon wani a bayan sirdi, ya sani a nan ya zaunar da shi.

Shin ko kun san cewa a shekarar 1946 wani masanin halittar dabbobi ɗan ƙasar Holan, mai suna Slijper, ya bayyana bayan dabba mai ƙafa huɗu da siffar da duk maharbi zai gane nan take? Ya ce ƙashin baya shi ne baka, tsokar ciki kuwa ita ce tsirkiya. Idan tsokar ciki ta ɗame, ƙafafun baya suka shigo ƙarƙashin ciki, sai bakan ya tanƙwaru, gadon baya ya taso sama ya tari nauyi. Idan kuwa doki ya ɗaga kai sama, ƙafafun baya suka zama a baya suna ja, tsirkiya ta saki, bayan ya lotsa. Akwai kuma wata jijiya mai kauri da ta taso daga ƙeya ta bi saman wuya har ta kama tudun kafaɗa, inda geza ta ƙare, daga nan ta zarce ta bi tsawon baya. Duk lokacin da doki ya sunkuyar da kai, jijiyar nan tana jan ƙasusuwan tudun kafaɗa gaba, ta taimaka wajen ɗaga bayan. A ganina wannan shi ne ma'aunin duk wani zama da duk wani wasa da za mu ambata a ƙasa: bayan dokin tasowa yake yi, ko lotsawa?

An gwada abin da awo. A 2004 Patricia de Cocq da abokan aikinta a Holan suka ɗora wa dawaki sirdi mai ɗauke da nauyin kilo 75, suka bi motsin bayansu da na'ura. Sirdin shi kaɗai bai sauya wani abu mai yawa ba, amma da nauyi ya hau, bayan ya lotsa. Ke nan ko mahayi bai yi kuskuren komai ba, hawansa kaɗai yana tura bayan doki ƙasa, kuma sai dokin ya yi aiki da tsokarsa kafin ya maido shi.

Shin ko kun san cewa ƙasusuwan baya su ne na ƙarshe da ke gama ƙosawa a jikin doki? Na ƙafa sukan riga su, na baya kuwa sai doki ya kai shekara biyar zuwa shida. Duƙushi ɗan shekara biyu yana iya cika ido, tsayinsa ya kusa kai na uwarsa, ga ƙyalli ga kuzari, mai shi ya ƙagu ya ga an fita kilisa da shi. Idon mutum ƙafa da ƙirji yake gani. Bayan bai gama ba.

Kowace gaɓa ta ƙashin baya tana da wani tsinin ƙashi da ya miƙe sama, kuma tsakanin tsini da tsini akwai 'yar tazara. Idan baya ya lotsa, kawunansu sukan matso kusa. In abin ya daɗe, ko kuma dokin da ma an haife shi da ƙarancin tazarar, sai su riƙa gogar juna, wurin ya kumbura, ya yi ciwo. An fi samun wannan daga gaɓa ta 13 zuwa ta 18 a sashen haƙarƙari, wato daidai ƙarƙashin mazaunin mahayi. Abin lura shi ne, akwai dawaki da yawa da hoton ƙashi ke nuna tsinayen sun haɗu amma suna aikinsu lafiya lau. Shi ya sa likitan dabbobi na ƙwarai ba ya yanke hukunci da hoto kaɗai, sai ya taɓa, ya ga dokin yana tafiya, ya gan shi da mahayi a kai.

To nawa doki zai ɗauka? A 2008 masu bincike a jihar Ohayo ta Amurka suka ɗora wa dawaki takwas kashi 15, da 20, da 25, da 30 cikin 100 na nauyin jikinsu. Daga kashi 25 bugun zuciya da numfashi suka ƙaru, tsoka ta yi tsami bayan aiki, a kashi 30 abin ya fi tsananta. Wannan ya ƙarfafa ƙa'idar da ake yawan faɗa, cewa kada kaya su wuce kashi 20. A Ingila kuma, Dakta Sue Dyson, wadda ta shafe shekaru tana binciken ɗingishin dawaki a garin Newmarket, ta sa mahaya huɗu masu nauyi daban-daban suka hau dawaki shida, aka buga sakamakon a 2019. Duk gwajin da mahaya biyu mafi nauyi suka yi sai da aka dakatar da shi kafin lokaci, saboda dawakin sun fara ɗingishi ko sun nuna alamar ciwo. Da aka sauke mahayan aka ba dawakin ɗan lokaci, ɗingishin ya tafi.

Wanda ba shi da sikelin awon doki yana iya ƙiyastawa da tef ɗin tela. A auna zagayen ƙirji a bayan ƙafafun gaba da santimita, a ninka lambar da kanta, a ninka da tsawon jiki daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu, sannan a raba da 11,877. Dokin da zagayen ƙirjinsa 160 ne, tsawonsa 150, zai kai wajen kilo 323, kashi 20 ɗinsa kuwa bai wuce kilo 65 ba. A cikin 65 ɗin nan har da sirdi, da shimfiɗunsa, da likkafa, da kayan ado. Yanzu a tuna da ranar hawan sallah: babban mutum, riga kan riga, alkyabba, rawani, ga kayan doki masu nauyi, 'yan lifidi da 'yan sulke kuma nasu ya fi haka, a yi sa'o'i ana tsaye a rana ana jiran fitowar sarki. Hawan Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2024, abin alfahari ne gare mu duka. Ina ganin darajarsa za ta ƙaru idan masu barga suka riƙa zaɓar wa kowane mahayi dokin da ya kai ɗaukarsa.

Shin ko kun san cewa maganar yadda ake zama a kan doki ta haura shekara dubu biyu ana yin ta? Zenofon, wani sojan Girka da ya yi littafi kan hawan doki a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, ya hana mahayi zaman kujera, ya so ya zama kamar wanda ke tsaye ƙafafunsa a buɗe. Har yau malaman hawa abin da suke koyarwa ke nan: kunne, da kafaɗa, da ƙugu, da diddige su yi layi ɗaya. Mai zaman kujera yana miƙa ƙafafu gaba, ya kishingiɗa baya, nauyinsa duka ya taru a ƙarshen sirdi, kuma tunda ƙafafunsa ba sa ƙarƙashinsa, da linzami yake tallafe kansa. Ya danne ƙugu, ya ja baki, kan doki ya tashi. Duk abin da ke sa baya lotsawa ya haɗa shi a zama ɗaya.

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, sojojin dawaki na Turai in za su tsallake shinge baya suke kwantawa, su ja kan doki, suna ganin taimakonsa suke yi ya sauka da ƙafafun baya. Wani hafsan sojan Italiya, Federico Caprilli, wanda ya rasu a 1907, ya tsaya ya kalli yadda doki ke tsalle in ba kowa a kansa. Ya ga yana miƙa wuya gaba, ya tanƙwara baya, ya sauka da ƙafafun gaba. Sai ya gajarta likkafa, ya koya wa mahaya su ɗaga mazauni daga sirdi su bi dokin gaba. Duk mai tsallen doki a duniya yau da tsarinsa yake amfani.

A fagen sukuwa ma haka aka yi. Wani mahayi Ba'amurke, Tod Sloan, ya je Ingila a 1897 yana tsugune a kan gajeriyar likkafa, ya duƙa a wuyan doki, Turawan Ingila suna ta yi masa dariya har ya fara cinye su. A 2009 masu bincike a kwalejin likitancin dabbobi ta Landan suka nuna cewa lokacin da ake ɗauka a kammala tsere ya ragu da kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a shekarun da salon ya bazu. Dalili kuwa, gwiwoyin mahayi ne ke shanye girgizar, dokin ba ya wahalar cilla nauyin mutum sama da gaba a kowane taku.

A sassarfa, awon da aka yi a Ostiriya da shimfiɗa mai auna danniya ya nuna cewa mai zama daram ya fi dukan bayan doki, mai tashi da zama daidai da takun ya fi sauƙi, mai tsayawa kan likkafa ya fi su duka. Hawa babu sirdi kuwa, wanda yara ke so in za su kai doki rafi, yana tara nauyi a ƙasusuwan mazauni guda biyu, wuri ƙarami ya sha danniya mai yawa. Na ɗan lokaci ba laifi, doguwar tafiya ce ba ta dace ba.

Shin ko kun san cewa hawan kansa, wato lokacin da aka sa ƙafa a likkafa aka ɗago, yana murɗa bayan doki? Mahayi ya tsaya a hagu, ya kama sirdi, ya rataya duk nauyinsa a likkafa ɗaya. Sirdin ya karkato hagu, gefensa na dama ya matse tudun kafaɗa. A 2008 an auna wannan a Jami'ar Jihar Mishigan, aka ga hawa daga ƙasa ya fi matsa wa doki a kan hawa daga wani abin takawa. Dakali ya isa. Kuma yaron da ke riƙe wa ubangidansa likkafar ɗaya gefen yana hawa, ba girmamawa kaɗai yake yi ba, yana hana sirdin juyawa.

Sai wasanni. Wanda ya fi kowanne amfani shi ne wanda ba ya tara 'yan kallo. A riƙe karas a hannu, a ja hankalin doki ya kai haɓarsa ƙirji, sannan tsakanin gwiwoyinsa, sannan ƙasa tsakanin ƙafafunsa. A koma gefe, ya lanƙwaso wuya ya kai baki wajen haƙarƙari, wajen ƙugu, har wajen ƙafar baya, hagu da dama, ƙafafunsa na nan a kafe. In ka tsaya kusa za ka ga cikinsa ya ɗame, gadon bayansa ya taso a idonka. Narelle Stubbs da Hilary Clayton sun sa dawaki takwas yin haka kwana biyar a mako har wata uku, ba tare da an hau su ba, suka buga sakamakon a 2011. Da aka duba da na'urar hoton cikin jiki, ƙananan tsokokin da ke manne da ƙashin baya suna riƙe gaɓoɓinsa sun ƙara kauri, kuma na hagu da na dama sun fi daidaita. Dokin da aka koya wa durƙuso ta wannan hanya, da kansa yake sauka, ya tsaya inda jikinsa ya ce ya isa. Wanda aka ɗaure wa ƙafa da igiya aka ja shi ƙasa ba shi da wannan zaɓi, kuma gwiwarsa ce ke dukan ƙasa.

Shin ko kun san cewa a makarantar hawan doki ta Biyena, babban birnin Ostiriya, inda fararen ingarmu ke tashi sama suna harbin iska, ba a fara horar da doki sai ya kai wajen shekara huɗu, kuma horon yakan ɗauki wajen shekara shida? Tsalle-tsallen nan da ake zuwa kallo su ne darasi na ƙarshe, kuma ba kowane doki ake koya wa ba, sai wanda aka ga jikinsa ya dace. Akwai wanda dokin ke lanƙwasa ƙafafun baya sosai, ya ɗaga gabansa kaɗan, bai wuce digiri 30 zuwa 35 daga ƙasa ba, ya tsaya cak. Wannan ya fi miƙewa tsaye wuya nesa ba kusa ba, don ƙarfin ciki da cinya ne zalla. Da yawa daga dawakin nan suna aiki har su haura shekara ashirin.

Miƙewar da ake sa doki yi da fizgar linzami da sukar ƙaimi wani abu ne daban. Kai ya tashi, baya ya lotsa, mahayi ya rataye a bakin doki, nauyi ya koma ƙugu. Taku ɗaya ya kuskure sai su tafi ta baya. Faɗuwa ta baya ita ce sanadin da aka fi sani na karyewar ƙasusuwan tudun kafaɗa, kuma in ƙeya ta bugi ƙasa tana iya fasa gindin ƙoƙon kai, doki ya mutu nan take. Mahayin kuma yana ƙarƙashi. Samarin da ke wannan a kan kwalta ranar biki, don Allah su bari.

Zaman kare da ake koya wa wasu dawaki a gidajen wasa ba zama ba ne a wurin doki. Shi da ƙafafun gaba yake fara tashi daga kwance, saɓanin saniya da ke fara ɗaga baya, saboda haka yakan ratsa ta wannan siffa na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya wuce. Dokin da aka tarar a barga ya yi zaman kare da kansa ya daɗe, a nemi likita, yana iya zama ciwon ciki.

Jahi fa? Sukuwa a guje, a zo gaban sarki a tsaya cak, a ɗaga hannu. Makiyayan Amurka suna da gasar da ake irin wannan tsayuwa, amma a kan ƙasa mai laushi da aka gyara, da takalman ƙarfe masu santsi a kofatan baya, dokin ya tanƙwara baya ya shigo da ƙafafunsa ƙarƙashin ciki, ya zame. Gwanin jahi ma haka za ka ga dokinsa ya yi, domin ya koya masa tsayawa da zaman jikinsa tun kafin ranar. Wanda bai koya ba, da ƙarfin linzami mai zobe yake tsayarwa, baki a wangale, kai a sama.

Kada kuma a ɗauka dannar kai ƙasa da ƙarfi ita ce gyara. A Turai wasu masu gasar rangwaɗar doki sun riƙa jan haɓar doki har ta taɓa ƙirji, su riƙe ta a nan. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta haramta yin haka da ƙarfi a 2010, ƙasar Suwizalan kuma ta sa shi cikin doka a 2014.

Shin ko kun san cewa doki yana faɗin ciwonsa, mu ne muke ce masa mai tutsu? Dakta Dyson ta tsara jerin halaye 24 da ake dubawa in ana kan doki. Cikinsu akwai kwantar da kunnuwa baya na daƙiƙa biyar ko fiye, buɗe baki, fito da harshe, karkata kai, lumshe ido, bayyanar farin ido, kaɗa wutsiya da ƙarfi ko riƙe ta a karkace, tuntuɓe, ƙin tafiya gaba, harbi da miƙewa. Dokin da ya nuna takwas ko fiye, mai yiwuwa ne ƙwarai yana jin ciwo a tsoka ko ƙashi. Ita da Line Greve sun duba dawaki 506 da masu su ke ɗauka lafiyarsu ƙalau, suka tarar kusan rabi suna ɗingishi ko tafiyarsu ba daidai ba. Sun kuma gano cewa sirdin da kullum ke zamewa gefe ɗaya, sau da yawa ba laifin sirdin ba ne, ƙafar baya ce ke ciwo.

Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mayar da bayan dabbobi mumbari, wato a zauna a kansu ana ta zance ba tafiya ake ba. Ya kuma ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa idan suka sauka a zango, ba sa yin nafila sai sun kwance wa dabbobinsu kaya.

In an kwance sirdin, a duba bayan kafin gumi ya bushe. Ya kamata jiƙewar ta zama bai ɗaya hagu da dama. Busasshen wuri a tsakiyar gumi yana iya nuna inda sirdi ya matsa fiye da kima. A bi gefen ƙashin baya da yatsu a hankali, daga tudun kafaɗa zuwa kuturi, a ga ko zai zabura ko ya lotsa. Farin gashin da ya fito a bayan doki ja ko baƙi, inda da babu, tabon tsohuwar danniya ne, kuma yawanci ba ya komawa. Tsakanin gaban sirdi da tudun kafaɗa a samu wurin shigar yatsu biyu zuwa uku ko da mahayi na kai. Kuma a sake gwadawa in yanayi ya juya, domin sirdin da ya zauna daidai da kaka, lokacin da doki ya ƙoshi da harawa ya yi ƙiba, yana iya sauka kan ƙashi da bazara in ya rame.